Duwatsun Kajuru da Ƙauyukan da ke Gindinsu

Duk wanda ya bar Sabon Tasha ya kama hanyar Kachia, da zarar ya wuce matatar man fetur da aka buɗe a 1980, sai ƙasa ta fara sauyawa. Daga Kujama zuwa Kasuwan Magani duwatsu ne ke tasowa, kwaruruka kuma na shimfiɗe a tsakaninsu, inda Gbagyi da Adara ke noman dawa da masara.

Baƙi da yawa abin da ke kawo su Kajuru shi ne ginin nan mai kama da ganuwar Turawan da, wanda wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980. Malamai, ina roƙon ku kada ku koya wa yara cewa shi ne tarihin wurin. Tun kafin zuwan Turawa, sarautar Kajuru tana biyan gandu ga Zazzau, kuma kan waɗannan duwatsun jama'a ke hawa su tsira idan mahara bayi suka ɓullo. Rikicin Kasuwan Magani na Oktoba 2018 ya sa kai ɗalibai yawon gani can ya yi wuya, dattawan da suka san tsofaffin matsugunan kuma suna ta ƙarewa.