Dutsen da ya faɗo daga sama: yadda ake gane shi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Waca, Magariya da Dungas, a yau za mu yi bayani a kan duwatsun da ke faɗowa daga sama. Wani lokaci da dare mukan ga wuta ta keta sararin sama, sai mu ce tauraro ya faɗi. Ba tauraro ba ne. Guntun dutse ne da ya shigo iskar duniyarmu da gudu, ya yi zafi, ya haskaka. Yawancinsu suna ƙonewa ƙurmus, kaɗan ne ke isowa ƙasa.

Abin ya sha faruwa kusa da mu. A shekarar 2004 wani ya faɗo a yankin Maigatari, garin da muke cin kasuwar dabbobinsa. Ranar 3 ga Oktoba 1962 kuma wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin ƙasar Katsina, kamar mita 3 daga wani manomi da ke gonarsa.

Iri biyu na dutsen sama

Masana sun raba waɗannan duwatsu gida biyu, ban da waɗanda ƙarfe ya yi wa yawa. Na farko sunansa kondirit. In an yanka shi, za a ga ƴan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gero, da ɗigon ƙarfe. Na Maigatari irin wannan ne, kuma su ne suka fi yawa. Na biyu sunansa akondirit, wato marar ƙwayoyin nan. A cikin duwatsu 100 da aka ga faɗuwarsu, kamar 8 kawai ne akondirit. Na Zagami yana cikinsu.

Me ya ɓatar da ƙwayoyin? Mu tuna da aikin maƙeran da, masu narka tama. In tama ta narke, ƙarfe yakan taru wuri ɗaya, dattin ya ware. Haka ya faru ga uwar dutsen: ta narke, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, dutse ya tsaya a sama, ƙwayoyin suka narke suka ɓace. Shi ya sa mayen ƙarfe ke kama kondirit, amma da ƙyar yake kama yawancin akondirit.

Ma'adinai ne ke faɗin asali

Kamar yadda makiyayi ke gane irin saniya ta ƙahonta da launinta, haka masana ke gane dangin akondirit ta ma'adinan da ke cikinsa. Sukan yanko ɗan guntu, su goge shi har haske ya ratsa, su duba da madubin ƙara girma, sannan su auna da na'ura. Manyan ma'adinan da suke nema guda 3 ne: firoksen, da olibin mai launin kore, da filajiyokilas mai haske. Ga dangogin:

1. Dangin Besta. Besta wani ƙaton dutse ne mai faɗin kilomita 525 da ke kewaya rana. Gutsattsarinsa wasu firoksen ne haɗe da filajiyokilas, wasu kusan firoksen zalla, wasu kuma gauraye.

2. Obirit. Fari ne kamar toka, domin firoksen ɗinsa kusan ba ƙarfe a ciki. Irinsa ya faɗo a Mayo Belwa, ƙasar Adamawa, a 1974.

3. Urelit. Olibin ne da firoksen tare da sinadarin gawayi, har da ƴan mitsi-mitsin lu'ulu'u. Irinsa ya faɗo a hamadar Sudan a 2008.

4. Dutsen wata. Da yawansu filajiyokilas ne ya rinjaya a ciki.

5. Dutsen duniyar Mars. Na Zagami firoksen ne, da filajiyokilas wanda bugu mai tsanani ya mayar kamar gilashi. A 1995 masana suka auna iskar da ta maƙale cikinsa, suka ga ta dace da iskar Mars wadda kumbon Amurka ya auna a 1976.

Me ya shafe mu?

A watan Nuwamba 2023 an tsinci dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a jahar Agadas. A watan Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a Amurka kan dala miliyan 5 da dubu 300, kusan biliyan 3 na kuɗin sefa. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasa, kuma a shekarar ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Inda aka ji labarin kuɗi, mazambata ba sa nisa. Wani zai sayi dutse mai daraja da kuɗin goro, wani kuma zai sayar mana da marmara ko kashin maƙera da sunan dutsen sama. Gatarin aradu ma ba daga sama yake ba, kayan aikin mutanen da ne.

In mun tsinci dutsen da muke zato, mu kula da waɗannan:

1. Mu duba bayansa. Sabon faɗowa yana da siririn ɓawo baƙi, wani har da sheƙi, cikinsa kuwa yakan fi haske. Dutse mai ramuka kamar soso da wuya ya zama na sama.

2. Kada mu fasa shi, kada mu wanke shi, kada mu shafa masa mai. Mu sa shi cikin leda mai tsabta, wuri busasshe.

3. Kada mu jiƙa shi ko mu niƙa mu sha. Ba magani ba ne.

4. Mu rubuta rana da wurin da aka same shi. Ga amfanin karatu.

5. Mu sanar da mai gari, shi kuma ya kai maganar ga ma'aikatar ma'adinai a Damagaram.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da akondirit, sai awon masana. Saboda haka kada mu sayar da gona ko bisashe don sayen dutse, kuma kada mu yi gaggawar rabuwa da wanda muka tsinta kafin a auna shi.