Kassaly Daouda: Darajar Mai Tsaron Gida

A filayen ƙwallo na Rawayya, Bungudu da Tsafe, al'adar yara ita ce su tura wanda bai iya wasa ba ya tsare gida. Tarihin Kassaly Daouda na Jamhuriyar Nijar ya isa ya nuna cewa wannan kuskure ne babba.

An haife shi a Dosso cikin shekarar 1983. Ya yi suna a ƙungiyar Sahel ta Yamai, sa'an nan ya koma Coton Sport ta Garwa a Kamaru. A 2008 ƙungiyar tasa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta rinjaye ta da ci 4 da 2 a karawa biyu.

Amma a ƙungiyar ƙasarsa, watau Mena, aka fi ganin amfaninsa. Nijar ta shiga gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, ta sha kashi a wasanninta uku. Da ta koma a 2013 a Afirka ta Kudu, sai ya tare hare-haren Kwango Kinshasa har aka tashi babu ci. Wannan ne maki na farko da Nijar ta samu a gasar.

Ƙungiyar da ba ta da ƙarfin kai hari, da mai tsaron gida take dogara. Saboda haka ya kamata malaman wasanni a makarantunmu su zaɓi yaro mai natsuwa da kaifin ido, su horar da shi tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.