Ƙusar buɗe wuƙa

Ƙusar buɗe wuƙa wani ɗan guntun ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bayan ruwan wuƙa mai naɗewa, kusa da mariƙi, domin a tura shi da babban yatsa a buɗe wuƙar da hannu ɗaya. Wasu wuƙaƙen da ita ake ƙero su. Wadda ake saya daban kuwa maƙala ta ake yi a bayan wuƙar, a ɗaure da ɗan ƙaramin noti, ba sai an huda ƙarfen ba.

Asali

Tsofaffin wuƙaƙe masu naɗewa ɗan tsagi ne da su a jikin ruwan, inda ake sa farce a jawo, don haka sai da hannu biyu. Haka Okapi take, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, haka ma Buck 110, wuƙar farauta da ta fito a Amurka a 1964. A 1981 kamfanin Spyderco ya fitar da wuƙa mai zagayayyen rami na sa yatsa, buɗewa da hannu ɗaya ta fara yaɗuwa. Masu tsofaffin wuƙaƙe, musamman Buck 110, su ne suka fi sayen ƙusar.

Amfani da matsaloli

Amfaninta yana fitowa ne idan hannu ɗaya na riƙe da wani abu. Maharbin da ya riski zomo ko zabuwa da sauran rai dole ya yanka kafin ta mutu, in ba haka ba ta zama mushe, kuma a nan ɗan jinkirin buɗe wuƙa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai matsalolinta sun fi yawa. Sifirin ɗin irin waɗannan wuƙaƙe yana da tauri, tunda ba don turin yatsa aka yi shi ba, kuma yatsan da ya jiƙe da jini kan zame ya faɗa kan kaifi. Notin yakan saki, ƙusar ta faɗi a daji. Tana tokare dutse wajen wasa gindin wuƙar, tana maƙale fata lokacin fiɗa, kitse da gashi kuma su taru a ƙarƙashinta. Wani lokaci ma wuƙar ba ta ƙara shiga kubenta daidai.

A ƙasar Gobir

A yankin Isa da Sabon Birni, a garuruwa irin su Tozai, wuƙar da aka saba gani wurin maharba da mahauta ita ce miƙaƙƙiya ta maƙeran gida, mai kuben fata, wadda ake ɗaurawa a ƙugu ko a damtse. Ita da hannu ɗaya ake zaro ta tun asali, ba ta da gaɓar da za ta cushe da rairayi, kuma in ta lalace maƙeri zai gyara ta ranar kasuwa. Mai naɗewa ta fi zama ta aljihu, ta yankan igiya da feraye rake, aikin da ba kasafai yake buƙatar gaggawa ba.