Schelomo: Kiɗan da Ernest Bloch Ya Tsara Kan Hikimar Sulaimanu

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, inda aka haifi Ernest Bloch a shekarar 1880, Bayahude ɗan wani mai sayar da agogo da kayan tsaraba, wanda Allah ya hore wa baiwar tsara kiɗa.

A shekarar 1915, sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya turnuƙe, samarin Turai suna ta halaka a cikin ramuka, baƙin ciki ya lulluɓe Bloch, har bai sami abin da ya dace da halin zuciyarsa ba sai littafin Kohelet, wanda malaman Yahudawa ke jingina wa Annabi Sulaimanu, littafin da ke wa'azi kan ƙarewar duniya da rashin tabbas na mulki da dukiya. Niyyarsa ta fari ita ce ya tsara waƙa da muryar ɗan Adam, amma da ya gwada Faransanci da Jamusanci da Ingilishi ya ga ba wanda ya ɗauki nauyin ma'anar, ga shi kuma bai ƙware a Ibrananci, harshen kakanninsa ba, sai aikin ya tsaya cik.

Ana nan sai ya haɗu da Alexandre Barjansky, gwanin kaɗa celo, wato wani ƙaton goge na Turawa da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, mai amo kamar muryar dattijo. Matar Barjansky kuwa, Catherine, mai sassaƙa ce, har ta ƙera ɗan siffar Sarki Sulaimanu da kakin zuma. Da Bloch ya ji wannan amo, sai ya fahimci cewa abin da harshe ya gaza, tsirkiya za ta iya; cikin 'yan makonni, a farkon 1916, ya kammala Schelomo, wato Sulaimanu da Ibrananci, ya kuma sadaukar da shi ga ma'auratan.

Idan kun kasa kunne, celo shi ne sarki, yana magana shi kaɗai cikin tafakkuri, taron makaɗa kuwa su ne duniya da ƙawarta da hayaniyarta, suna taso masa har su danne muryarsa, sa'an nan su lafa ya ci gaba. A tsakiya za ku ji busa mai maimaita sauti guda, irin na ƙahon rago da ake busawa a majami'ar Yahudawa, tare da wani karin da Bloch ya riƙe tun yana yaro daga bakin mahaifinsa. Ban da wannan, galibin karin daga ƙirjinsa ya fito, domin a ra'ayinsa gādo ba tattara tsofaffin waƙoƙi ba ne, ruhi ne da mutum ke ji a jininsa.

An fara kaɗa Schelomo a zauren Carnegie na birnin New York ranar 3 ga Mayu, 1917, Hans Kindler na riƙe da celo. Bloch bai haƙura da jahiltar harshen nan ba: daga bisani ya duƙufa ya koyi Ibrananci, ya tsara Avodath Hakodesh a kan addu'o'in Asabar, ya kammala a 1933. Ya rasu a jihar Oregon ta Amurka a 1959.

To, jama'a, kiɗan na ɗaukar kimanin minti 20. A sha sauraro lafiya.