Kamfanin da Ba Ya Rabon Riba

A birnin Omaha na ƙasar Amurka akwai gawurtaccen kamfani, Berkshire Hathaway, wanda asalinsa masaƙa ce. Attajiri Warren Buffett ya kama ragamarsa a 1965, ya tara masa sana'o'i barkatai: jirgin ƙasa, inshora, lantarki, har alewa. Amma tun rabon 1967, na kwabon Amurka 10 kan kowane hannun jari, bai ƙara raba ko anini ba, yana ganin ribar da aka mayar cikin uwar kuɗi ta fi haihuwa. A ƙarshen 2024 ajiyar kamfanin ta haura dala biliyan 300. Da ya ambata sauka a 2025, masu hannun jari suka zura wa magajinsa, Greg Abel, ido. Kafin nan dai, wanda ya matsu da cefane sai ya sayar da hannunsa.