Kwalbar Coca-Cola da ta raba 'yan kallo a Garwa

A wani gidan bidiyo na unguwar Yelwa, a Garwa, na fara kallon The Gods Must Be Crazy, fim ɗin da Jamie Uys ya fitar a Afirka ta Kudu a 1980, lokacin mulkin wariyar launin fata. Da Faransanci muka gan shi. Matuƙin jirgi ya jefo kwalbar Coca-Cola a hamadar Kalahari, ta haddasa rigima a dangin wani mazaunin hamadar mai suna Xi, shi kuma ya ɗauke ta zai kai ƙarshen duniya ya yar.

Mun yi dariya har da hawaye. Wani Bororo da ke zaune kusa da ni ko murmushi bai yi ba. Da muka fito ya ce mini, "Malam, haka kuke yi mana in mun shigo kasuwa."

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Xi ne ke gano ruwa da sawun dabba, 'yan birni kuwa ko motarsu ta gagare su, amma shi muka mayar abin dariya. Nǃxau, ɗan Namibiya da ya fito a matsayin Xi, ya rasu a 2003.