Kumburin Wuya da Hoton da Iyod ke Haskawa

Ƴan uwa Musulmi, a gidajenmu idan wuyan mace ya kumbura, maƙoƙo muke cewa, a rufe da gyale a ci gaba da sha'ani. Sau da yawa muna da gaskiya, domin mafi yawan ƙullutun wuya ba sankara ba ne. Amma akwai wanda ita ce, kuma ta fi kama mata, kusan ninki uku na maza.

Halittar da likitoci ke kira tiroyid, wadda Allah Ya ajiye a gaban maƙogwaro, ita ce ke zuƙe iyod daga jini, iyod ɗin nan da ake sa wa gishiri. Ƙwayoyin sankarar da suka tsiro daga gare ta, galibinsu ba su barin wannan hali ko da sun yi ƙaura zuwa huhu ko ƙashi. Sai a ba majinyaci iyod mai fitar da hasken da ido ba ya gani, su zuƙe, su tona asirin kansu.

A 1951, a Amurka, Benedict Cassen ya ƙera na'urar da ke bin wuya layi-layi tana karanta wannan haske. Kafin 1960 kyamarar Hal Anger ta zo, mai ɗaukar wuri gaba ɗaya. Hotonta dishi-dishi ne: ga tabo, amma a kan me yake? Wajen shekarar 2000 aka haɗa kyamarar da sikana a na'ura guda, SPECT/CT, likita ya iya bambance kaluluwar da cuta ta shiga da ragowar tiroyid bayan tiyata. Sankarar da ta daina shan iyod kuwa, da na'urar PET ake farautarta, da sukari mai haske.

Mu da ake haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, abin mamaki ne a ce kalmar nukiliya bom kawai take tuna mana, alhali a Yamai cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni na da sashen irin wannan hoto.

Sai dai akwai hattara. Iyod-131, wanda ake hoto da magani da shi, rabin ƙarfinsa ke tafiya duk kwana 8, kuma yana fita a nono. Ba a ba mai juna biyu, mai goyo kuwa sai ta yaye, ko da yaron bai kai ba. Kunya kada ta hana uwargida faɗa wa likita halin da take ciki, maigida kuma ya sani cewa bayan magani ana jiran wata 6 aƙalla kafin a nemi wani cikin.